Ranar Da Na Tumɓuke Albasar Inna Gambi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke cikin kaina, da wata Asabar da na ɗauki matata da surukata muka nufi Tondibiya sayen kayan garka. Na fita gida kamar wanda za a naɗa wa rawani, na dawo ina neman ramin ɓera in shige. Yau shekara uku ke nan, amma in na tuna sai in ji gumi ya karyo mini.

Bari in fara da faɗin gaskiya a kaina. Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Madawa, a jihar Tawa, ƙasar albasa. Mahaifina manomin albasa ne, kakana ma haka. Sai dai ni ina shekara bakwai aka tura ni birni wajen baffana don in shiga lakwal, wato makarantar boko. Daga nan kwaleji, sai lise, sai jami'a a Yamai, sai kujerar biro, wato ofis. Gida kuwa sai babban hutu nake zuwa, cikin damina, lokacin da an riga an kwashe albasa an zuba a rudu, rumbun ajiyarta, kowa ya koma noman hatsi. Wato na san albasa a buhu, na san ta a rudu, na san ta a cikin miya. A tsaye cikin ƙasa kuwa, sai dai hangen nesa daga tagar mota (wannan sirrin ko Rakiya matata ban taɓa faɗa mata ba).

Amma da ka zo biromu ka ji ni. In aka taɓo zancen noma lokacin shan shayi, sai in gyara zama in ce, "Ku saurara, ku 'yan birni." In yi ta zuba har shayin ya huce. Abokin aikina Hamani, Bazabarme haifaffen Yamai, shi ya laƙaba mini Sarkin Albasa, ni kuwa na karɓi sarautar hannu biyu ban tambayi ko ba'a ce ba.

Ana haka sai surukata, Hajiya, ta zo daga Damagaram ganin likita, ta sauka gidanmu a unguwar Maure. Likita ya ce suga ya hau, ta rage tuwo ta yawaita ganye. Rakiya ta sayo salati a kasuwa, ta wanke, ta kai mata. Ina daga falo na ji Hajiya tana cewa, "Wannan ganyen ai ya fi ni jin jiki. Shi ya kamata a kai wa likitan."

Ku gane, shekara shida da aurenmu, Hajiya ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Kunya irin ta mutanen da. Ko muna zaune tabarma ɗaya sai ta ce, "Rakiya, ce wa mai gidanki an gode." Ni ma in ce, "Ce wa Hajiya ba komai." Ga kuma mijin yayar Rakiya, wani babban ɗan kasuwa da ya kai ta Makka, wanda kullum sunansa ke fitowa a hira kamar gishiri a miya. Ni ma'aikacin gwamnati, ina na ga kuɗin kujerar Makka? Amma ganye! Ganye kam fagena ne. Na ce a raina, yau Allah ya kawo ranar ɗan manomi.

Da na ba Hamani labari a biro, sai ya ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, Sarki. Kawuna, Tsoho Sumana, yana da garka a Tondibiya, bakin gulbi. Ka je ranar Asabar ka zaɓa da hannunka, ka biya shi a nan. In ka sauka daga gudoron, wato kwalta, ka bi hanyar da ta gangara ruwa, ka wuce ɗan masallaci, ƙofa ta biyu a hannun dama, akwai mangwaro a bakinta. In ba ka tarar da shi ba ka shiga ka fara cira, zan gaya masa."

"Kai ba za ka zo ba?"

"Muna da suna a unguwar Kale. Kuma kai da garka, wa zai nuna wa wani hanya?"

Na yi dariya irin ta manya.

Ranar Juma'a da la'asar na shiga babbar kasuwa na sayi malfa, na sayi takalman roba masu kaiwa gwiwa, na sayi kwanduna uku. Na dawo na tsaya gaban madubi da malfar, na juya dama na juya hagu. Rakiya ta leƙo ta ce, "Kai kuma yaƙi za ka?" Na ce, "Ke ba za ki gane ba, abin a jini yake."

Gari na wayewa na wanke mota, muka miƙa yara gidan maƙwabta, na buɗe wa Hajiya ƙofar baya da kaina. Tun da muka fita gari bakina bai rufe ba. Sanyi ya fara ja da baya, rana ba ta yi zafi ba tukuna, ga amalanken jakai suna shigowa birni shaƙe da shu, wato kabeji, da tumati, ga mata da manyan kwanoni a ka. Can sai gulbi ya bayyana yana ƙyalli, gefensa kore shar har iyakar ganinka. Wallahi a nan murnata ta gaskiya ce. Na sauke gilashi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugo mu, na ji kamar in fita in yi ta gudu.

"Rakiya, ce wa Hajiya ta dubi wancan, shi ne shu. Wancan kuma karoti ne, ƙasa yake 'ya'ya."

Rakiya ta ce, "Tana gani."

"Ce mata waccan na'urar mai ƙara ita ke jawo ruwa daga gulbi."

Hajiya dai carbinta take ja.

Muka sauka daga gudoron, muka wuce masallacin, a nan aka fara samun matsala. Kowace ƙofa da mangwaro a bakinta. Ta farko ma ban san ko ƙofa ce ko zana ce ta faɗi ba. In na ƙirga da ita, ta biyu wata ce ta langa-langa. In ban ƙirga ba, ta biyu wata ce ta kara. Rakiya ta ce in kira Hamani. Na kira sau ɗaya bai ɗauka ba. Ta ce in sake. Na dubi ƙofar langa-langar, na hango koren da ke bayanta ya fi kyau, na ce, "Nan ne. Manomi ba ya ɓata a garka."

Ƙofar da igiya kawai aka ɗaure ta. Na kwance, na yi sallama, shiru. Muka shiga.

Kai, jama'a! Ban taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba. Fangali-fangali a jere kamar an ja da zare. Salati ya buɗe kamar faifai, raɓa na kwance a kai. Shu ya ƙulle kai tamau. Ga tumati ja wur a jikin itace, ga tattasai, ga zogale a bakin shinge, irin wanda mutanen Yamai ke kwaɗawa suna kira kopto. Hajiya ta tsaya, ta sunkuya, ta shafa ganyen salati ɗaya da yatsa, sai na ga ta yi murmushi.

"Rakiya," ta ce, "ce wa mai gidanki Allah ya yi albarka."

Ni? Allah ya yi albarka? A take na ji na ƙara tsawo. Na ce a zuci, Alhaji mai kujerar Makka, sai ka zo mu gwada.

Muka fara cira. Rakiya na yankar salati, Hajiya na zaɓen tumati ɗaya-ɗaya, ni kuwa ina kai da kawowa cikin takalman roba ina ba da umarni. Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma idona ya kai can ƙarshen garkar, inda aka kewaye wani fangali da ƙaya, aka rataya tsummoki a kan sanduna suna kaɗawa. A ciki albasa ce, amma ba irin wadda ke sauran wurin ba. Dogayen karare ne har ƙuguna, kowane da farin fure dunƙule a kansa kamar ƙwallo, ƙudan zuma na ta yawo a kai.

Na ce ga ta, ga abin da zan nuna gado da shi.

"Ku zo ku ga albasa!" na ƙwala. "Wannan ita ce albasa, sauran duk wasan yara ne."

Rakiya ta ce, "To me ya sa aka kewaye ta da ƙaya?"

"Don manyan baƙi aka ajiye ta."

Hajiya ta matso, ta daɗe tana kallo. Sannan a hankali ta ce, "Rakiya, tambayi mai gidanki, wannan mai furen ba ta iri ba ce?"

Na yi 'yar dariya ta ladabi (irin wadda malami ke yi in ɗalibi ya yi tambayar da ta ba shi tausayi). Na ce, "Ce wa Hajiya, a wajenmu ita ake kira sarauniya. In aka ga fure, to ta gama nuna ke nan. Kuma gwargwadon tsawon kara, gwargwadon girman kai a ƙasa."

Ban san daga ina wannan karatun ya fito ba. Ina faɗa ina jin daɗinsa, har na fara yarda da shi.

Hajiya ta ce, "To. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ta koma wajen tumatinta.

Na ture ƙayar da takalmi na shiga. Na kama kara ɗaya na ja. Abin da ya fito daga ƙasa ba shi da kyan gani: wata 'yar albasa yamutsattsa, ta rabe biyu, ta yi laushi kamar tsohon goro. Rakiya ta dube ni. Na ce, "Wannan ƙaramar cikinsu ce." Na ja ta biyu, haka. Ta uku, ta fi muni. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na ce lallai babbar tana gaba, kuma ba zan bar wurin nan ba sai na ɗaga ta sama Hajiya ta gani. Na yi ta ja ina jefarwa a baya, ƙudan zuma na zagaya malfata, ina cewa, "Ƙarfinta a ciki yake, ba a girma ba." Kafin in ɗago na share fiye da rabin fangalin.

Ban tsaya nan ba. Na tattara kararen na rungume, furanni sun rufe mini rabin fuska, na ce Rakiya ta ɗauke ni hoto. Na tura a zauren danginmu na waya, inda 'yan uwa na gida da na birni duk suke, na rubuta a ƙasa: "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ban gama mayar da wayar aljihu ba na ji ƙarar faɗuwar kwano.

Wata dattijuwa ce tsaye a bakin ƙofa, siririya, ta ɗaure ƙugu da gyale, kwanon da ta ɗauko yana birgima a ƙasa. Ta ɗora hannu a ka ta ƙwala, "Zay! Zay! Zay!"

Shekarata goma sha biyar a Yamai, amma Zabarmancina bai wuce na gaisuwa ba. Na ɗauka matar Tsoho Sumana ce ke mana maraba. Na ɗaga dunƙulen furanni ina kaɗa mata, ina washe baki, "Fofo! Fofo, Inna!"

Rakiya ta damƙi hannuna. "Ɓarawo take cewa."

Kafin in ce me, garka ta cika. Mata suka yi ta ɓullowa ta kan shinge, ta ƙofa, ta ko'ina, wata da fartanya, wata da muciya, wata ma da butar ban-ruwa a hannu tana zuba ba ta sani ba. Suka kewaye mu ana ta magana da Zabarmanci, kalma ɗaya kawai nake ganewa, ita ce wadda na koya yanzun nan. Ni ga ni tsaye a tsakiya, da malfa sabuwa, da takalma sabbi, da shaida rungume a ƙirji.

Dattijuwar ba ta bi ta kaina ba. Ta wuce ni ta nufi fangalin. Ta durƙusa, ta ɗauki kara ɗaya, ta juya furen a tafin hannunta, ta ɗauki wani. Sai hayaniyar ta mutu. Wannan shirun ya fi ihun ciwo. Da ta ɗago, idanunta sun kawo ruwa, ta yi magana da Hausa tsaf, irin ta wanda ya shekara talatin yana ciniki a kasuwa.

"Ɗana, me na yi maka?"

Na ce, "Inna, ai saye za mu yi. Ba nan ce garkar kawun Hamani ba?"

"Wane Hamani? Garin nan in ka jefa tsakuwa, kan Hamani za ta faɗa. Ni sunana Gambi, garkar nan tawa ce tun kafin a haife ka." Ta ɗaga karan. "Ka san mene ne wannan? Tun bara na zaɓe su, ɗaya-ɗaya, masu kyan cikin albasata. Na rataye su a ɗakin da nake kwana duk damina, ina juya su kada su ruɓe. Na dasa, na yi ban-ruwa, na kori tsuntsu. Saura sati uku furen ya bushe in kakkaɓe iri. Wannan irin, ni da matan nan shida, shi za mu shuka baɗi."

Hannuna ya tafi aljihu neman abin da ɗan birni ya sani. Ta girgiza kai.

"Mayar. Takarda ba ta tsira. Irin gwangwani na kanti na gwada shi, ba ya jure ajiya. Wannan daga hannun uwata na karɓe shi."

A daidai nan wani tsoho mai farin gemu ya leƙo ta kan shingen gefe, da ɗan kofin shayi a hannu. Ya dube ni daga malfa har takalma ya ce, "Kai ne baƙon Hamani? Tun hantsi nake jiran ka. Ƙofata ta kara ce, ga ta nan." Ya dubi abin da ke hannuna, ya dubi fangalin, ya ce, "Hamani ya ce mini masanin albasa zai turo."

Wata daga cikin matan ta fassara wa sauran. Na ji an yi wani irin gunaguni.

Sai wayata ta ɗau ƙara. Na duba: Baba. Mahaifina ba ya kira sai ranar Juma'a, kuma ba ya duba hoto a waya, ashe ƙanwata ce ta kai masa har gindin bishiya ta nuna masa. Na so in kashe, amma yatsuna duk laka, na dangwala inda bai kamata ba. Muryar tsoho ta fito da ƙarfi, kowa na ji, da Gobirancinsa ba gauraye.

"Kai! Wanga hoto da ka aiko, garkar wa ka shiga? Mi ka yi haka? Albasa mai hure ka tumɓuke? Ko jakin gidanmu ya san ba a taɓa albasar iri! Kuma har da rubuta barewa? Wace barewa? Ni dai ban haihi mai rarrahe irin wanga ba!"

"Baba, ina cikin mutane..."

"Gara su ji! Duk gari an gani, har liman ya gani!"

Ban san wadda ta fara ba. Na dai ji wata ta tuntsire, sai wata, sai duk garkar ta ɗauka. Mai butar ban-ruwa har da zama a ƙasa. Tsoho Sumana ya ƙware da shayi. Rakiya, matata ta sunna, ta juya baya kafaɗunta na rawa. Hajiya kuwa ta ja mayafi ta rufe baki, amma idanunta sun tona mata asiri. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

Inna Gambi ba ta yi dariya ba. Ta miƙo hannu. "Ba ni shi."

Na miƙa mata wayar.

"Kai ne uban wannan?"

"Ni ne, baiwar Allah, haka Allah ya jarrabe ni. Garkarki ce?"

"Tawa ce. Daga ina kake magana?"

"Daga ƙasar Madawa."

Ta ƙanƙance ido. "Bagobiri ne kai?"

"Gaba da baya."

Sai na ga fuskarta ta saki kaɗan. Ta juya wajen matan ta ce, "Ashe bawana ne ya aiko ɗansa ya yi mini ɓarna!" (In ba ku sani ba, tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasan taubasai, kowa na cewa shi ne ubangidan wani, kuma ba a riƙe juna a zuci.)

Baba ya ce, "A'aha! Bazabarma ce? To ai ɗan ubangidanki ne ya zo duba gonarsa!"

"Duba gona da tumɓuke iri? Haka kuke noma a Gobir? Shi ya sa kuke zuwa Yamai neman abinci!"

Suka yi ta yi, matan na tafi. Ni dai ina tsaye kamar gunki, ana cinikin mutuncina a kan waya. Can Baba ya sauke murya ya ce, "Yanzu dai ki yi haƙuri, don Allah. Na san abin da ya ɓata miki, ni ma iri nake ajiyewa. Waɗanda saiwarsu ba ta tsinke ba, a mai da su ƙasa yanzu-yanzu a ba su ruwa, a yi masu inuwa, wasu za su kama. Ni kuma cikin satin nan zan sa a ba direban kar, motar fasinja mai zuwa Yamai, irin da na kakkaɓe da hannuna, ki haɗa da naki ki gani. Shi kuma yaron na ba ki shi. Ki sa shi aiki har sai ya san kan albasa da gindinta."

"Na karɓa," in ji Inna Gambi. Ta miƙo mini wayar, ta nuna fangalin da haɓa. "Bismilla, masani."

Na cire malfa na durƙusa. Na fara tona rami da hannu ina cusa albasa. Ban yi uku ba na ji murya a kaina.

"Rakiya, ce wa mai gidanki ramin ya yi zurfi, zai shaƙe ta."

Na ɗago. Hajiya ta miƙa wa Rakiya carbi, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa a gefena. Ta ɗauki kara, ta duba saiwar, ta jefar da wanda ya mutu, ta dasa mai rai, ta danna ƙasar da yatsu biyu, ta wuce na gaba. Hannunta na tafiya kamar na mai saƙa. Inna Gambi ta tsaya tana kallo ta ce, "Hajiya, wannan hannun ai ya san ƙasa."

Hajiya ta ce, "A Mirya aka haife ni. Cikin garka na yi wayo, sai da aka yi mini aure na bar ta."

Na dubi Rakiya. Ta ɗaga kafaɗa, "Ba ka taɓa tambaya ba."

Wato matar da na yini ina koya wa cewa karoti a ƙasa yake 'ya'ya, ita ce wannan.

Sai bayan azahar muka gama. An kora ni jan ruwa, don nan ne kaɗai aka ga ba zan yi ɓarna ba. Takalman nan suka cika da laka, ɗaya ya maƙale a bakin gulbi na fito da ƙafa tsirara. Salati da tumatin da muka cira muka biya Inna Gambi, sannan don kunya muka shiga wajen Tsoho Sumana muka sake sayen wasu. Motar ta cika da ganye har Hajiya na riƙe da shu a cinya. A hanyar komawa ba wanda ya ji muryata. Hajiya ce ma ke ta hira da Rakiya, tana cewa rabonta da jin daɗin yini irin na yau tun tana budurwa.

Ranar Litinin na tarar da kwalbar ruwa a kan teburina, an tsoma karan albasa mai fure a ciki. Duk biro suka miƙe tsaye da na shigo. Hamani ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce an yi girbi." Har shef ɗinmu, shugaban biron, mutumin da ba ya dariya, ya fito ya tambaye ni ko gaskiya ne na amsa ihun ɓarawo da fofo.

Irin Baba ya iso ranar Alhamis, ƙulle cikin tsumma a cikin gora. Daga waɗanda muka mayar ƙasa, kusan rabi sun kama. Ni kuwa Asabar shida na yi ina zuwa Tondibiya ban-ruwa. Hannuwana suka yi kanta, bayana ya ƙage, na rame har wandunana suka fara zamewa. Hajiya ta ɗaga komawarta Damagaram don ta riƙa bi na, ita da Inna Gambi su zauna gindin mangwaro suna gyaran zogale suna kallona ina haki. Da ta koma wajen likita ya ce sugan ya sauka, ya tambaye ta me take yi. Ta ce ganye take ci, kuma tana yawan dariya.

A Asabar ta ƙarshe, wasu mata biyu 'yan gayu suka zo daga birni sayen salati. Inna Gambi ta kira ni gabansu, ta tsinko wani ganye daga gefen fangali ta miƙo mini.

"Bagobiri, gaya wa baƙi mene ne wannan."

Na karɓa na juya shi. Na ji tsohon ciwon yana tasowa, bayani har ya zo bakin harshe, mai daɗi, da sunan Faransanci da amfaninsa ga hanta. Matan sun zuba mini ido. Na haɗiye, na ce, "Inna, ban sani ba."

Ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Yau ka fara noma."

"To mene ne?"

"Ciyawa ce. Je ka ba akuya."

Har yau wajenta muke sayen kayan miya, kuma in na shiga garkar, hannuwana a baya nake haɗe su, in nuna abin da nake so da baki. Darasin da na samu bai da tsawo: ana gadon gona, amma ba a gadon noma. Kuma "ban sani ba" kalma uku ce kacal, ba ta sa kanta a hannu, ba ta ƙage baya. Ni sai da na ɗebi ruwan rabin gulbi kafin in iya furta ta.